Baba Matsa-Can da Sarƙarsa

Kafin masu shaguna su gama ɗage ƙofofinsu, shi ya riga ya iso. Yakan jingine tsohon kekensa a jikin katanga, ya buɗe ƙyauren gareji da bisimilla, ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙen ciki kamar wanda ke zaton wani abu ya kwana yana jiransa. Sai ya ƙare wa kowane lungu kallo sannan ya shiga. Ba tsintsiya yake fara ɗauka ba, ba kuma akwatin sifanu ba. Wani turken ƙarfe da ya kafa da siminti a tsakiyar gareji yake nufa, ya durƙusa, ya kwance sarƙar da ke naɗe a gindinsa, ya bi ta zobe-zobe da yatsu yana neman tsaga. Jiya ma ya duba ta, shekaranjiya ma haka. In ka tambaye shi me zai sami sarƙa a ɗakin da aka kulle, sai ya ce maka, "Ni ma abin da nake so in sani ke nan."

Wannan shi ne Baba Matsa-Can, makanikin ƙafar mota, wanda ya bar aiki gaba ɗaya bana bayan ya yi fiye da shekara arba'in yana ɗaga gaban tsofaffin motoci. Sunan ba na yanka ba ne, bakinsa ne ya ja masa. Mai mota ya matso don ya ga yadda ake yi, sai ya ji "Matsa can!" Mai tallar ruwa ya leƙo, "Matsa can!" Akuyar maƙwabta ma ta sha jin wannan kalma har ta gane ta. Tun ana yi masa sunan a bayan ido har aka koma yi a gabansa, shi kuma ya ci gaba da amsawa.

Ga wanda bai taɓa leƙa bayan taya ba, ga yadda abin yake. A bayan kowace tayar gaba akwai wani bututun ƙarfe a tsaye, shi ne shakazoba, an zagaye shi da murɗaɗɗen ƙarfe mai kaurin babban yatsa, shi ne sifirin. Su biyun ke ɗauke da gaban mota, su ke shanye ramukan titi don kada haƙoran fasinja su zube. A can sama noti ɗaya tak ke danne da sifirin. Duk mai son ya kai ga shakazoba sai ya fara matse sifirin da wasu dogayen ƙugiyoyi biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, sannan ya kwance notin. Daga wannan lokaci ƙarfin da ke ɗaukar gaban mota ya dawo tsakanin hannuwansa, yana neman hanyar fita.

Motocin da ake kawo wa Baba kuwa irin waɗanda kayansu suka daina zuwa ne. Wani wurin za a ce maka sai dai a canza ƙafar, ka tambayi inda za a samo, a ɗaga maka kafaɗa. Shi Baba yanke kan bututun yake yi da zarto, ya zubar da tsohon man da ya yi wari, ya shiga kasuwar gwanjo ya nemo cikin shakazobar wata mota da ya yi kusa da shi. In ya gaza tsayi ya sa masa ɗan ƙarfe a ƙasa, ya kai a yi wa bakin bututun zobe mai zare don ya rufu, ya ɗan ɗaga mazaunin sifirin sama kaɗan saboda motar ta daina goga cikinta a ƙasa. Motar da ta shigo tana dungure kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa sai ka ga ta fita da kai a ɗage. Aikinsa ba ya dawowa, shi ma ba ya sauri. Kafin ya matse kowane sifirin sai ya kwantar da ƙafar a ƙasa, ya juya bakinta wajen bango, ya zura sarƙa ta cikin murɗin, ya ɗaure a turke, ya kori kowa, sannan ya riƙa murza ƙugiyoyin kaɗan-kaɗan, yana yi gumi na zuba.

Masu iya magana sun ce matsoraci ba ya zama gwani. Duk wanda ya fara faɗar wannan magana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa riƙe matsattsen sifirin ba. Baba tsoronsa yake ji, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. Dalilin na nan a rufin gareji ga mai son gani.

Yana saurayi, yana koyon aiki a wannan wurin, maigidansa gwani ne mai saurin hannu, irin mutanen da ke aiki suna barkwanci. Wata hantsi maigidan ya matse ƙafar mota tsakanin gwiwoyinsa, yana kwance noti yana ba da labari, sai ƙugiya ta zame. Ba wanda ya ga tashin sifirin. Ƙara dai aka ji, aka ga kwanon rufi ya ɓule, aka waiwayo aka ga maigida a kwance, labarinsa bai kai ƙarshe ba. Ya rayu, amma da ido ɗaya da muƙamuƙin da bai ƙara tauna nama ba har ya koma ga Allah. An sha canza rufin garejin tun daga nan, Baba ya hana a taɓa wannan fallen kwano. In ana ruwa sai ya sa bokiti a ƙarƙashin hujin.

Baba, kai ne mutumin da bai yarda sabo ya cinye masa tsoro ba. Mu da muka riƙa yi maka dariya a bencin mai shayi, muna kwaikwayon muryarka, a cikin motocin da ka ɗaure wa ƙafa muke komawa gida, da matanmu da 'ya'yanmu a kujerar baya. Ba mu taɓa tsayawa mun tambayi kanmu dalilin da ya sa taya ba ta taɓa naɗewa da mu a kan gudu ba.

Mai Walda, wanda shagonsa ke jikin garejin, shi ne abokin tsokanarsa, kuma ba ya gajiya da ba da labarin wata rana. Wani magidanci ya ɗauki motarsa bayan gyara, ya kwashi iyalinsa ya kama hanyar tafiya. Baba na wanke hannu sai ya ƙame, kumfa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Wai zuciyarsa ce ta ce masa bai yi wa notin hagu ɗaurin ƙarshe ba. Bai tsaya ɗauraye hannu ba, ya fizgi sifana, ya haye bayan babur ɗin Mai Walda yana dukan gadon bayansa.

"Bi su! Don girman Allah bi su!"

Sai a gidan mai na bakin gari suka cim musu. Baba ya ɗage bonet, ya sa sifana a noti, ya ja. Ko gezau. Ya sake ja har jijiyar wuyansa ta tashi, noti na nan daram.

"Tsohon banza," in ji Mai Walda, "ka kusa kashe mu a titi saboda notin da ko jaki ba zai kwance ba!"

"Yanzu dai na sani," in ji Baba. Ya leƙa ya ga yaran da ke bayan motar suna kallonsa, sai ya zauna daɓas a ƙasan gidan man.

Inna, matarsa, ta ce ita ba sai an gaya mata irin aikin da ya yi ba. Ranar da ya matse sifirin, ko cokali ne ya faɗi a tsakar gida sai ya zabura. Jikokinsa ma sun san ba a fasa balan-balan in Kaka na nan. Ta ce tun tana amarya take yi masa rakiya da ido har ya sha kwana, ta kuma saba da faɗuwar gaba duk lokacin da aka buga ƙofa da rana tsaka. Da babban ɗansu ya ce shi ma aikin zai koya, sai faɗuwar gaban ta zama biyu.

Wannan ɗan shi ake kira Oga Ƙarami, ko da yake yanzu magidanci ne mai 'ya'ya, har furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: hannunsa ya faɗa, ya ma fi uban sauri. Mutum ne mai ladabi, bai taɓa ɗaga wa mahaifinsa murya ba. Sarƙar nan ce kawai ke ci masa tuwo a ƙwarya, don a ganinsa ɓata lokaci ce.

"Baba, ƙugiyoyin yanzu ba irin na zamaninku ba ne," yakan ce cikin sanyin murya. "Waɗannan ba sa zamewa."

"To, madalla. Shi sifirin fa? Na yanzu ya tuba ne?"

Sai ɗan ya yi murmushi ya ɗauko sarƙa. Yana ɗaurawa ne don idon Baba, kuma Baba ya san haka, abin da ke hana shi sakewa ke nan.

Bara sai hannuwan Baba suka fara rawa. Da fari in ya ɗauki kofin shayi ne ake jin yana ƙara a kan faranti, daga baya noti ya fara kuɓuce masa. Likita ya ce ya huta. Ya miƙa wa ɗansa sifanu, ya koma kan benci yana sa ido. Mutane suka ce ai ya samu hutu. Ina hutu! Da can yana jin tsoro ne abin na hannunsa. Yanzu abin na hannun ɗansa, nasa hannuwan na kan cinya suna kakkarwa, ba abin da ya rage masa sai baki.

Akwai wani direban tsohuwar tasi da ake kira Ba-Hutu, wanda ke kai 'yan makarantar unguwa da safe ya ɗauko su in an tashi. Motarsa ta girmi aurensa. Gabanta ya zauna, in ta faɗa rami sai ka ji kamar an yar da buhun kwanoni. An gama mata ƙafar dama, saura ta hagu, sai aka ga robar samanta ta ruɓe. Baba ya ce shi zai je kasuwar gwanjo da kansa, don ba kowace roba ke shiga ba. Ya hau kekensa, ya yi gaba kaɗan, ya dawo.

"Kada a taɓa ta hagu sai na dawo."

"To, Baba."

Ba-Hutu ya ci sunansa. Ya zauna, ya tashi, ya duba rana, ya kewaya motar. "Oga, yaran nan fa za su tashi. In na bar su a bakin get, iyayensu ɗanye za su cinye ni. Ka dai rage aikin mana, tsoho na zuwa sai haɗawa kawai." Oga Ƙarami ya ga magana ce mai kan gado. Kwantar da ƙafa a ƙasa, zura sarƙa, ɗaurewa, duk za su ci lokaci. Ya ɗauki ƙafar ya kafa ta a tsaye cikin bayis, wato matsin ƙarfen da ke kan teburin aiki, ya sa ƙugiyoyi, ya fara murzawa.

Tun daga bakin layi Baba ya san ba lafiya. Ba ƙarar guduma, ba rediyo, injin Mai Walda ma a kashe. A layin makanikai shiru ba alheri ba ne. Ya hango mutane sun yi cirko-cirko a ƙofar garejinsa, ba mai cewa uffan, wata mata ta ɗora hannu a ka. Gabansa ya yanke ya faɗi. Bai san lokacin da ya saki keken ba, robar da ya sayo ta gangara cikin kwata.

Da ya kutsa ciki ya ga abin da ya yi shekara da shekaru yana gani in ya rufe ido. Ɗansa na tsaye a sunkuye kan tebur. An riga an cire notin sama. Ƙugiya ɗaya ta zame ta zagayo ta haɗu da 'yar'uwarta a gefe guda, sifirin ya lanƙwashe kamar baka, cikinsa na fuskantar ƙirjin Oga Ƙarami, bakinsa dab da haɓarsa. Lokacin da ƙugiyar ta zame ya kai hannun hagu don ya tare, murɗin ya haɗe da yatsunsa. In ya ja hannu, ƙugiyoyin za su saki. In ya tsaya, a hankali suna sakin da kansu, don da ɗan bakinsu kawai suke riƙe. Hasken rana ya shigo ta hujin nan na rufi ya sauka a kan tebur. Sarƙa kuwa tana can naɗe a gindin turkenta.

Ba-Hutu ya riƙe bayan rigar Oga Ƙarami yana shirin fizgo shi.

"Sake shi," in ji Baba. Bai yi tsawa ba, muryar ma da ƙyar ta fito. "Sake shi a hankali."

"In kawo wuta in yanke?" in ji Mai Walda.

"Ka yanke wa? Shi ko sifirin? Matsa can. Kowa ya matsa can."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Aka ja baya har tsakiyar titi. Oga Ƙarami bai iya juyowa ba, ta gefen ido ya ga mahaifinsa. Gumi na ɗiga daga hancinsa, yatsunsa sun yi baƙi.

"Baba, kada ka matso. Don Allah kada ka matso."

"Rufe min baki. Magana ma motsi ce."

Baba ya dubi hannuwansa, suna ta rawarsu ba ruwansu da halin da ake ciki. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba. Ya tuna fuskar maigidansa. Ya tuna Inna, da abin da zai ce mata in ta buɗe ƙofa ta gan shi shi kaɗai. Zuciyarsa ta ce masa ya kira wani mai lafiyar hannu, ya duba ya ga ba wanda ya san inda sarƙa ke bi sai shi. Ya cire takalmansa don kada santsin mai ya kwashe shi, ya kwance sarƙar daga turke, ya naɗe ta a cikin rigarsa don kada ta yi ƙara, ya tsinci wata 'yar waya ya ɗaura a bakinta.

Ya zo ta gefe ya fara zura wayar tsakanin murɗin sifirin. Hannu ya ƙi tsayawa. Bakin wayar ya karci ƙarfe, sai aka ji ƙugiya ta yi "ƙis", ta ƙara zamewa kaɗan. Matar da ke waje ta rafka salati. Baba ya tsaya cak, ya rufe ido, ya bar numfashinsa ya dawo. Ya gane ba lallai ne ya gama kafin ƙugiyar ta saki ba. Sai ya yi abin da ya yi rayuwarsa yana hana mutane: ya cusa jikinsa tsakanin ɗansa da sifirin, ya sa kafaɗa ya ture haɓar ɗan gefe, ya tsaya a daidai inda abin zai bi.

"Baba…" Oga Ƙarami ya fara kuka mara sauti, hawayensa na sauka a wuyan uban.

"Ai ka san ni matsoraci ne," in ji Baba can ƙasa-ƙasa. "Ba zan iya kallo daga nesa ba."

Ya ɗora wuyan hannunsa a bakin tebur, ya danne shi da ɗayan hannun, ya sake tura wayar. Ta wuce. Ya kamo ta ta baya ya fara jan sarƙar, zobe ɗaya, ya tsaya, zobe ɗaya, ya tsaya, kowane zobe na gogar ƙarfen da ke jiran dalili. Ya zagaya da ita ƙafar tebur, wadda aka yi wa walda da ƙarfen da ke cikin siminti, ya dawo da ita ta saman sifirin, ya haɗa bakunan biyu a ƙasa ya zura musu ƙusa mai zare. Saura noti. Ya gwada, noti ya ƙi hawa. Ya sake gwadawa, ya kuɓuce ya gangara ƙarƙashin tebur. Nan ne ido ya raina fata, don ba halin ya sunkuya ya bar gurbin da ya tare.

Sai ya ji motsi a ƙafafunsa. Mai Walda ne ya shigo da jan ciki, ya tsinci notin, yana kwance a cikin baƙin mai.

"Riƙe min kan ƙusar, tsohon banza," ya ce cikin raɗa. "In mun mutu, kai ka ja."

Ya murza noti har ya zauna, ya koma da baya yadda ya zo. Baba ya miƙa hannu ya ɗauki liba, dogon ƙarfen cire taya, ya saƙa bakinta a murɗin da ke kusa da yatsun ɗansa.

"Ka ji ni. In na ce ja, ka ja hannunka ka faɗi ta baya. Kada ka dube ni."

"Kai fa, Baba?"

"Na ce kada ka dube ni."

Ya yi bisimilla, ya danna libar da duk nauyin da tsufa ya bar masa. "Ja!"

Waɗanda ke waje sun ce ƙarar kamar an tuntsurar da ganga daga kan bene. Ƙugiyoyin suka yi tsalle, ɗaya ta fasa gilashin tasin Ba-Hutu, ɗaya ta kafe a bango. Sifirin ya zabura, sarƙa ta cafke shi bai wuce taki ɗaya ba. Sai dai a cikin wannan taki ɗayan kafaɗar Baba take. Da aka ruga ciki aka tarar da Oga Ƙarami a ƙasa ya rungume hannu, Baba na zaune ya jingina da ƙafar tebur, hannunsa na dama na lilo, sarƙa na ta kaɗawa a samansa.

"Nuna min hannun," ya ce.

Ɗan ya nuna. Yatsu sun daddatse, farce ya fita, amma duk suna nan. Baba ya dubi fuskarsa, ido biyu, haɓa lafiya. Ya ce alhamdu lillahi, sai ya sulale ya suma. Har yau Mai Walda na cewa bai taɓa ganin wanda ya jira aka gama komai sannan ya suma ba sai wannan tsoho.

Ƙashin kafaɗa ne ya karye. Ya haɗe bayan jinya, amma hannun bai ƙara ɗaguwa sama da ƙirji ba. 'Yan makaranta kuwa wani direban ne ya ɗauko su a ranar, ba wanda ya cinye Ba-Hutu, kuma tun daga nan in ya kawo mota can tsallaken titi yake zama ya yi shiru. Inna ba ta yi wa kowa faɗa ba. Da aka shigo mata da su biyun, ɗaya da hannu a rataye ɗaya da yatsu a naɗe, sai ta dube su ta juya ta shiga ɗaki, aka daɗe ana jin shessheƙarta.

Baba, kai ne ka san ƙarfin abin fiye da kowa a layin nan, kai ne kuma ka sa kafaɗarka a gabansa. Wanda bai san wuta ba in ya taka ta ba jarumi ba ne. Kai ka san ta, jikinka na ɓari, ka shiga. Turken da ba ya tsere wa sarƙa, sannu da aiki.

Ba a yi taro ba ranar da ya bar aiki, ba kuma wanda ya yi jawabi. Bayan ya warke dai ya zo wata safiya a ƙafa, don keke ya fi ƙarfin hannun, ya tarar an riga shi buɗe gareji. Oga Ƙarami na durƙushe a gindin turke, yana bin wata sabuwar sarƙa zobe-zobe da yatsunsa masu tabo. Baba ya nemi bencinsa ya zauna. Can da hantsi aka kawo wata tsohuwar mota. Ɗan ya kwantar da ƙafarta a ƙasa, ya juya bakinta wajen bango, ya zura sarƙa, ya ɗaure, ya fara murza ƙugiyoyi kaɗan-kaɗan. Baba ya ga kamar ta dama ba ta zauna daidai ba. Ya miƙe, ya taho, ya sunkuyo don ya duba.

"Baba, matsa can!"

Tsawa ce sosai, har guduma ta tsaya a shagon gaba. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa mahaifinsa murya ba ne ya yi ta, bai kuma ɗago kai ya ba da haƙuri ba, idonsa na kan sifirin. Mai Walda ya leƙo ta katanga baki buɗe. Baba ya ja da baya, ya jawo bencinsa har bakin ƙofa ya zauna. Aka ga yana goge ido da gefen riga. Ya ce hasken walda ne ya shigar masa, alhali Mai Walda bai ko kunna inji ba.

Mun gode, Baba. Mun gode da gumin da ka zubar a kan motocin da ba naka ba, da faɗuwar gaban da ka ɗauka a madadinmu muna zaune muna hira, da tsawar da muka ɗauka rashin kirki ce. Allah ya ba kafaɗar nan sauƙi, ya saka wa Inna da ta yi zaman jira tsawon waɗannan shekaru, ya sa ka ga jikokinka sun girma da idanunsu biyu.

Ku kuma da kuke riƙe da ran mutane a hannunku, ko da sifana ne, ko sitiyari, ko allura, in kun ji tsoron nan ya taso muku a tsakiyar aiki kada ku ji kunyarsa, kada kuma ku bari masu gaggawa su kore muku shi. Ku tsaya ku ɗaura sarƙar, ko da ana yi muku dariya. Baba na nan kullum a bencinsa na bakin ƙofa, hannuwansa na rawa a kan cinya. In hanya ta biyo da ku, ku tsaya ku gaishe shi, amma ku tsaya daga inda ya nuna muku.